Kundin barga: juya kalmar hawan doki a Sifaniyanci

9 ga Satumba, 2024

Yau na sayi littafi mai shafi tamanin, na rubuta kalma ɗaya a bangonsa: montar. Maigida ya sanar da mu cewa mai horar da dawaki zai zo daga Ajantina a tsakiyar Oktoba, zai yi wata huɗu tare da mu saboda goɗiyoyin folo shida da aka kawo daga can. An ce Turancinsa bai taka kara ya karya ba, na yaran barga ma haka. Ni ke riƙe da lissafin dusa da harawa da magani, ni ne kuma na karanta Hausa a kwalejin horar da malamai, don haka da aka zo maganar wanda zai tsaya tsakani sai ido ya dawo kaina.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai ban yi niyyar koyon Sifaniyanci gaba ɗaya cikin mako biyar ba. Abin da na ɗauka shi ne aikatau guda ɗaya, wanda za a fi furtawa a bargar nan, in bi shi lungu-lungu har in san duk rigar da yake sawa. Bayanin kuma da Hausa zan rubuta shi, saboda yara huɗun da ke ƙarƙashina su iya karantawa. Duk darussan da na samu a waya ta Turanci suke bi, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in ratsa ta gidan maƙwabci kafin in shiga gidan da na nufa ba.

Abu na farko da na rubuta: ana cewa montar a caballo, wato hawan doki. Asalin montar daga kalmar Latin ce mai nufin dutse ko tsauni, hawa sama ke nan. Daidai da namu: mu ma da kalma ɗaya muke hawa dutse, mu hau bishiya, mu hau doki.

14 ga Satumba

Na gama shafin lokaci mai ci. Monto, montas, monta, montamos, montáis, montan. Ina hawa, kana hawa, yana hawa, muna hawa, kuna hawa, suna hawa.

Da na jera su gefe da gefe sai na ga abin da ke faruwa. A Hausa aikatau yana zaune, lamirin da ke gabansa ne ke ɗauke da kaya: na hau, zan hau, nakan hau, in hau. Mutum da lokaci duk suna goshi. A Sifaniyanci kayan a ƙeya suke. Saiwar mont- ba ta motsi, ɗafa-ƙeyar ce ke gaya maka wane ne da kuma yaushe. Shi ya sa ba dole ba ne su ce yo, wato ni, kafin monto. Wasalin ƙarshe ya riga ya faɗa. Haka na bayyana wa yara: mu muna ɗaura wa kalmarmu linzami a baki, su kuwa a wutsiya suke yi mata alama. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Malam, ke nan sai ka jira mutum ya ƙarasa kalmar kafin ka san da wa yake." Haka ne kuwa.

Abin da suka rasa, mu muke da shi: montas ba ta bambanta kana da kina ba, monta ba ta bambanta yana da tana ba. A bargar da rabin zancenta a kan goɗiya da ingarma ne, wannan zai sa in riƙa kasa kunne ga sauran jimla.

22 ga Satumba

Ruwa ya hana kilisa da safe, na samu sarari na yi shuɗaɗɗen lokaci. Iri biyu ne.

Na farko: monté, montaste, montó, montamos, montasteis, montaron. Na hau, ka hau, ya hau. Aiki ya faru ya ƙare. Na biyu: montaba, montabas, montaba, montábamos, montabais, montaban. Darussan Turanci sun ɓata shafuka suna kewaye-kewaye a kan bambancin biyun nan, kamar wani babban sirri. Da na mayar da su Hausa sai na ga abu ne da muke yi tun muna goye. "Jiya ina hawa sai ruwa ya sauko." Wannan ina hawa ɗin ba ta yau ba ce, ta jiya ce, amma a lokacin aikin yana cikin gudana: montaba. Sai ruwa ya sauko kuwa abu ne da ya faɗo sau ɗaya ya yanke zancen, shi ke ɗaukar iri na farko. Haka kuma "da muna yara mukan hau ba sirdi" ita ma montábamos ce. Wato montaba ta haɗa aikin ina hawa da na nakan hau, idan an mayar da su baya.

Na gwada da Baba, tsohon da ya fi kowa daɗewa a bargar nan, mutumin Katsina. Na roƙe shi ya ba ni labarin yadda ya fara hawa, ina rubutawa, sannan na ja layi ƙarƙashin kowane aikatau na raba su gida biyu. Ko sau ɗaya ban yi shakkar inda zan sa wani ba. Cikin labarin ya kawo maganar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya dasa wasan folo a Katsina, da ɗansa Sarki Usman Nagogo wanda sunansa ya zaga duniyar wasan. Baba ya ce yana yaro yakan tsaya bakin fili ya ga Nagogo a kan doki. Na rubuta: Nagogo montaba. Ita ce jimlar Sifaniyanci ta farko da na ƙirƙira da kaina ba tare da duba misali ba.

Abu ɗaya da na yi wa alama da jan biro: montamos tana nufin muna hawa, tana kuma nufin mun hau. Babu bambanci ko a rubutu ko a furuci. Sai dai zance ya raba.

3 ga Oktoba

Lokaci mai zuwa bai ba ni wahala ba. Ana ɗaukar kalmar gaba ɗayanta a ƙara mata wutsiya: montaré, montarás, montará, montaremos, montaréis, montarán. Akwai kuma voy a montar, wadda asalinta daga aikatau na tafiya ne, kamar yadda za ta zan hau take da dangantaka da zuwa. Shafi ɗaya, na wuce.

19 ga Oktoba

Baƙonmu ya iso shekaranjiya. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, ba mai yawan magana ba, hannunsa kamar na manomi. Kafin ya nemi masauki sai da ya shiga ya ɗaga ƙafar kowace goɗiya ya duba kofato. Baba ya gyaɗa kai, ya ce da ni, "Ɗan nan, wannan ɗan barga ne." A can ana kiran mai kula da dawakin folo petisero, kuma da wannan aikin ya fara.

Na gaishe shi da usted, kalmar girmamawa, wadda ke ɗaukar siffar mutum na uku: usted monta, kamar yadda muke cewa "ranka ya daɗe ya hau?" ko mu yi wa babba jam'i. Ya yi murmushi ya ce in kira shi da vos.

A nan littafina ya fara tangal-tangal. Na haddace tú montas, tú ita ce kai ko ke, shi kuwa bai taɓa cewa tú ba. Mutanen Ajantina vos suke cewa, kuma aikatau ɗin yana sauya nauyi: vos montás, ƙarfin murya a gaɓar ƙarshe. Umarni ma haka. Inda littafin Sifaniya ya ce monta, shi montá yake cewa. Sannan duk layin nan na montáis, montasteis, montabais, montaréis da na sha wahalar haddacewa ba ya cikin bakinsa sam. Wannan ta vosotros ce, ta Sifaniya. A Latin Amurka idan za a ce ku sai a ce ustedes, a haɗa da siffar su: ustedes montan. Layi shida sun koma biyar.

Furuci ma ya zo da nasa. Na koyi caballo a matsayin kabayo, shi kuwa kabasho yake cewa. Yo ta zama sho, yegua, wato goɗiya, ta zama shegwa. Yara sun ji daɗin wannan domin sh tamu ce.

Ban yage tsofaffin shafukan ba. Na raba kowane shafi da layi, hagu abin da littafi ya ce, dama abin da baƙo ya ce. Na dama ne zan koyar.

27 ga Oktoba

Yau na yi kuskuren da ya taɓa dabba, kuma dole in rubuta shi yadda ya faru.

Da hantsi na tambaye shi game da akawal ɗin nan, ƙaramar goɗiyar da ba ta gama sabawa da zafinmu ba. Yana riƙe da wata yana wanke mata ƙafa, ya amsa ba tare da ya juyo ba. Na ji kamar ya ce yo la monto, ni zan hau ta. Na sa aka ɗaura mata sirdi, aka ja majayi, aka tsayar da ita a turken waje tana jiransa. Ta yi kusan awa guda a rana. Da ya fito ya gan ta sai fuskarsa ta canza, ya kwance sirdin da kansa, ya kai ta inuwa ya zuba mata ruwa. Ashe cewa ya yi ya la montó: wani ya riga ya hau ta. Ɗaya daga cikin yara ya fita da ita tun da asuba, ta yi aikinta na yau, hutu take bukata.

A bakinsa jimlolin biyu su ne sho la monto da sha la montó. Wasali ɗaya a farko, da wurin da murya ta faɗa a ƙarshe. Monto, nauyi a gaba, ni ne yanzu. Montó, nauyi a ƙarshe, wani ne kuma ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne kunnen Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan rami ba. Mu ne muke bambanta "ya hau" ta labari da "ya hau" ta cikin "Allah ya sa ya hau lafiya" da tsawon wasali da karin sauti kawai, ba mu ma rubuta bambancin. Matsalar ita ce da ido na haddace kalmomin nan, ban haddace su da kunne ba. Ƙaramar alamar da ke kan ó na ɗauke ta ado ce ta rubutu.

Daga yau na sauya tsari. Kowace siffa sai ya furta min ita na ɗauka a waya, in saurara da dare. Yara kuma na koya musu da tafi: monto, tafi a gaɓar farko, montó, tafi a ta biyu. Haka monte da monté. Goɗiyar ta ci abincinta da yamma, alhamdu lillahi.

Na kuma ƙara ka'ida ga kaina: duk umarnin da ya shafi dabba, sai na maimaita masa shi da tawa jimlar kafin in aikata.

6 ga Nuwamba

Sanyi ya fara shigowa, ana ta kawo harawa. Ina cike takardar kuɗinta sai ya leƙo ya nuna jimillar ƙasa ya ce el monto. Ashe monto suna ce kuma, adadin kuɗi. Monte ma suna ce, tsauni ko daji. Montura sirdi. Desmontar sauka. Montar kuma ana amfani da ita wajen harhaɗa abu, kamar kafa rumfa ko kafa sana'a. Da ana maganar ingarman da maigida ke son a kai wa goɗiya, na ji ya sake kawo kalmar: can ma ingarma hawa yake yi, kamar a nan. Na buɗe shafin 'yan uwan kalma a ƙarshen littafi.

17 ga Nuwamba

Wannan makon na shiga babin da kowa ke tsoratar da mai koyo da shi, wanda suke kira subjuntivo. Na ware masa mako biyu, amma kwana uku suka ishe ni in gane kansa, kuma Hausa ce ta buɗe min ƙofa.

Siffofin su ne monte, montes, monte, montemos, monten. Wasalin a ya koma e. Tambayar ita ce yaushe ake amfani da su. Na fara tattara jimlolin da yake faɗa a fili. Quiero que montes. Na fassara: ina so ka hau. Na tsaya na kalli wannan ka hau ɗin. Ba ka hau ta labari ba ce, ba kana hawa ba ce, ba za ka hau ba ce. Ita ce wadda malamanmu na nahawu suka kira umartau: in hau, ka hau, ki hau, ya hau, ta hau, mu hau, ku hau, su hau, masu gajeren wasali da faɗuwar murya. Hawan da bai faru ba tukuna, ana so ne, ko ana roƙo, ko ana hanawa.

Na ci gaba da gwadawa, kowace na ɗaga sai ta zauna daram. Para que montes, domin ka hau. Antes de que montes, kafin ka hau. Es mejor que montes, gara ka hau. Montemos, mu hau. Har hani: idan zai ce hau sai ya ce montá, amma idan zai hana ba ya cewa no montá, sai ya koma no montes. Mu ma ba mu cewa "kada hau", sai "kada ka hau". Hanya ɗaya muka bi mu da su. Wakilin goɗiyar ma yana sauya wuri: montala, hau ta, a manne a baya, no la montes, kada ka hau ta, ya dawo gaba.

Sai kuma ojalá. Yana yawan faɗarta idan yana fatan wani abu: ojalá que monte bien, wato Allah ya sa ya hau da kyau. Kalmar daga Larabci ta shigo Sifaniyanci tun zamanin Andalus, sunan Allah ne a ƙarshenta. Da na gaya wa Baba sai ya sa baƙon ya maimaita ta har sau uku, yana saurare, sannan ya ce, "To ai sun san hanya."

Ba ko'ina suka dace ba, kuma na rubuta wuraren da suka rabu domin kada yara su ɗauka tagwaye ne. Cuando montes tana nufin idan ka hau, nan gaba. Su sun sa subjuntivo saboda abin bai faru ba, mu kuwa siffar shuɗaɗɗe muke sawa bayan idan. Haka no creo que monte, ban yi tsammanin zai hau ba: shakka a wurinsu tana jawo wannan siffa, a wurinmu ba ta jawowa. Wurare biyun nan su ne zan haddace da ƙarfi. Sauran kuwa na riga na iya su tun kafin in san sunansu.

Ra'ayina, wanda ya koyi wannan babi ta Turanci ya wahalar da kansa a banza, domin Turanci ya kusa rasa siffar gaba ɗaya, sai ya zama ana kwatanta maka doki da abin da bai taɓa ganin doki ba.

25 ga Nuwamba

Kwanakin nan hankalinsa yana gida. Lokacin babbar gasar folo ta Ajantina ce, wadda ake yi a Palermo cikin birnin Buenos Aires, gasar da ta faro tun 1893. Da dare yakan zauna a kan buhun dusa yana kallo a waya, yara sun kewaye shi. Na zauna tare da su da littafina, ina tsintar aikatau daga bakin masu sharhi.

A nan na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun tuni. Idan yana hira ta yau da kullum, ba kasafai yake cewa montar a caballo ba. Andar a caballo yake cewa. Andar tafiya ce, yawo. Ya ce tun yana shekara huɗu yake andar a caballo a karkarar lardin Buenos Aires. Montar ta fi fitowa idan ana maganar wata dabba takamaimai, wa zai hau wacce. Andar kuma ita ce yake tambayar lafiyar goɗiya da ita: cómo anda, yaya take.

Na ɗauka zan juya ta kamar montar tunda duk -ar suka ƙare. A lokaci mai ci ta bi layi: ando, andás, anda. A shuɗaɗɗe sai ta ƙwace: anduve, anduviste, anduvo, anduvimos, anduvieron. Babu andé a daidaitaccen harshe. Lura kuma, anduve da anduvo ba su da nauyi a ƙarshe irin na monté da montó. Ita ce aikatau ta farko mai taurin kai da ta shiga littafin. Na ba ta shafi biyu.

8 ga Disamba

Labari ya zo cewa UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake gado, a taron da ta yi makon nan a Asunción, babban birnin Faraguwai, maƙwabciyar ƙasarsu. Na nuna masa bidiyon hawan daushe a waya: lifidi, 'yan kwalkwali, algaita, jahi a ƙofar fada. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya furta kalmar da ban taɓa ji a bakinsa ba: cabalgata.

Wannan ta kai ni ga aikatau na biyu da na daɗe ina ajiyewa, cabalgar. Ita ce ainihin kalmar da aka gina daga doki, 'yar ɗaki ɗaya da caballo da caballero. Montar hawa ce kowace iri, har keke da babur. Cabalgar kuwa tafiya ce a kan doki, mai nisa ko mai alfarma, kuma ta fi zama a littafi da waƙa da labarin mazan jiya. Ya ce ba zai ce wa yaro cabalgá ya kai goɗiya fili ba. Amma sarki da hakimansa da suka fito suka zaga gari, waɗannan cabalgan.

Juyinta irin na montar ne, sai tarko ɗaya na rubutu. Harafin g idan ya haɗu da e ko i a Sifaniyanci yana komawa sautin maƙogwaro, irin kha ta Larabci. Domin a tsare sautin g sai a cusa u wadda ba a furtawa. Saboda haka cabalgo, cabalgás, cabalgó ba su da matsala, amma na hau sai a rubuta cabalgué, subjuntivo kuma gaba ɗayanta cabalgue, cabalgues, cabalguemos, cabalguen. A baki babu abin da ya sauya, alƙalami ne kawai ke gyara. Na ce wa yara su karanta gue kamar ge ta gero.

Hirar ta ja mu har dare. Na tambaye shi sunan mahayi, ya ce jinete. Na bincika na tarar kalmar daga sunan Zanata ta fito, ƙabilar Barbar ta Arewacin Afirka wadda mahayanta suka yi wa sarakunan Garnaɗa yaƙi. Salon hawansu na gajeren likkafa har yau a la jineta ake kiransa. Tsohuwar kalmarsu ta likitan dabbobi, albéitar, ita ma Larabci ce. Mu ma sirdi da linzami da likkafa duk daga Larabci muka samo su, ta hanyar Sahara. Wato mahayan Magrib sun bar sawu a harshensa ta arewa, sun bar sawu a nawa ta kudu. Dawakin kuma Sifaniyawa ne suka tsallaka da su teku. Pedro de Mendoza ya kai su bakin kogin Plata a 1536, waɗanda aka bari suka bazu a fili suka hayayyafa, daga cikinsu aka samu dokin da suke kira criollo. Baba ya ɗauko tsohuwar likkafarsa mai faɗi kamar takalmi ya miƙa masa. Ya jujjuya ta a hannu, ya sa ƙafarsa ya gwada.

21 ga Disamba

Na yi wa yara gwaji a fili, ba a takarda ba. Baƙo yana ba da umarni, su aikata. Montá. No la montes. Desmonten. Ensillala, ɗaura mata sirdi. Uku sun ci duka. Na huɗun yana rikita montá da montó har yanzu, zan zauna da shi.

Ni kuma na gama shafin da-na-sani: montaría da montara. Si tuviera caballo, montaría: da ina da doki, da na hau. Da biyun nan tamu sun raba aikin tsakanin siffofi biyu a wurinsu, ta sharaɗi daban (montara, irin tuviera), ta sakamako daban (montaría). Akwai montase a littafi, 'yar uwar montara, ban taɓa jin ta a bakinsa ba, na bar ta a hagu. He montado ma, wadda littafin Sifaniya ya cika da ita, shi monté yake sawa a wurinta kusan kullum.

5 ga Janairu, 2025

Ya nuna min hoton da aka turo masa daga gida na wani jerin gwano da dawaki. Ya ce a daren yau ake yin cabalgata de Reyes a garuruwan Sifaniya da wasu na ƙasarsu, bikin Kirista ne na yara. Na rubuta kalmar a ƙarƙashin cabalgar.

Shafi sittin da uku sun cika. Montar ta kammala a duk lokutan da ake amfani da su, cabalgar ma haka, andar saura subjuntivo na baya, anduviera. Na fara kwafe ɓangaren dama a sabon littafi mai tsabta, da manyan haruffa, tare da alamar tafi a kan gaɓar da ke ɗauke da nauyi, domin a rataye shi a ɗakin sirdi.

Saura mako shida ya koma. Jiya kili ta tsorata da leda ta yar da ƙaramin yaron a kan yashi, bai ji ciwo ba, ya tashi ya kama ragama. Baƙo ya iso da gudu yana tambaya, ni kuma na rasa yadda zan ce ya faɗi. Shi ya ba ni: se cayó. Na tambayi na faɗi, ya ce me caí. Ina faɗuwa, me caigo. Saiwa ɗaya ta fito da fuska uku, kuma ba -ar ba ce, daga gidan -er take, wanda ban taɓa shiga ba. Na buɗe shafi na sittin da huɗu na rubuta caerse a sama. Gobe bayan kilisar safe zai furta min siffofinta in ɗauka a waya.